Dilkar Ya Kaltum

A unguwar Bolori, idan amarya ta wuce kika ji ƙamshi ya biyo bayanta, ba sai kin tambaya ba, daga hannun Ya Kaltum ta fito. Gyaran jikin amare ne sana'arta, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Dilkarta dankali ne da kurkum da turare, a cuɗa, a turara da hayaƙi, a murje fata da ita. Ba ta sa mutum fari, kuma sai ta kwana biyu a jiki ake ganin aikinta.

Matan da suka aurar da 'ya'ya, idan abu bai yi musu ba, sukan tako har ɗaki su gaya mata a kunne. Na yanzu kuwa, tun mayafi bai gama hawa kai ba an ɗauki hoto a bakin ƙofa, an tura zauren matan unguwa a waya. Wata Aminat daga Wulari ce ta fara: “Kun ga wani canji? Ni dai yadda na shiga haka na fito.” Kafin Ya Kaltum ta wanke hannu, mata sun yi caa. Har waɗanda ba su san launin ƙofarta ba sun tofa nasu.

Amare suka koma wajen masu zuba man bilicin a dilka. Ya Kaltum ta dage, ta ce fatar 'yar mutane amana ce. Tabarmarta ta yi ta zama ba kowa. Ranar da na hango ta tana matsa wani farin mai a cikin kwaɓin, ta juya wa ƙofa baya kamar mai satar nama a tukunya, sai na koma gida abina. Na san hayar ɗaki ba ta jira.

Sai yabo ya ɓarke. Bakunan da suka zage ta su ne ke rubuta “hannunki albarka”. Amarya ta fito fuska fayau, gaɓɓan yatsu baƙi ƙirin, ana ta tura mata hoton zuciya. Tir!

Da aka sa ranar 'yarta Muhsinat, Ya Kaltum ta kwaɓa dilka ta asali a kwano daban. Ina zaune yarinyar ta leƙa kwanon ta yamutsa fuska.

“Mama, irin wadda kike yi wa mutane nake so.”

Uwar ta janyo ƙofa, ta rage murya, ta gaya mata abin da ke cikin waccan.

“Ai na sani, Mama,” in ji Muhsinat, idonta na kan waya. “Kowa ya sani. Don shi suke zuwa. Ni ce za ki hana?”