Allurar Maigida

A tashar da 'yan kabu-kabu ke ɗaukar mutanen Ribah nake suyar ƙosai, kuma duk wanda ya taɓa cewa ƙosaina ya yi ƙanana ya san ni. Bakina ba ya hutu. Ko a majami'a, in matan zumunta suka rasa mai faɗa wa fasto gaskiya, ni ake turawa. Ina taƙama da wannan har shekarar da na samu ciki na biyu.

Na farkon namiji ne, ya zo bai yi kuka ba. Muka binne shi a gindin dutsen bayan gida, muka ce haka Allah ya so. Shi ya sa wannan karon na fara zuwa awo da wuri. Aka ɗebi jinina, sai ungozomar ta ja ni gefe ta ce ina da tunjere, ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya, wanda kan kashe ɗa tun yana ciki. Ta ce yakan ɓuya a jiki shekaru ba alama, don haka kada in je gida in kafa kotu. Nan take ta yi mini allura, irin mai sa mutum ya kira sunan kakarsa.

"Saura maigida," in ji ta. "In ba a yi masa ba zai mayar miki, ya koma kan jaririn. Kafin nan kowa ya kwana a shimfiɗarsa. Za ki iya kawo shi?"

"Ni kike tambaya, Sista? Da kunne zan jawo shi."

Ina shiga gida na tarar da shi yana wasa fartanya, ya ɗago ya ce sannu da dawowa. Bakin nan da ke girgiza tasha ya mutu murus. Na ce masa an ce in rage gishiri.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. In na faɗa, tambayar da za ta biyo ita ce wa ya kawo, kuma ban san abin da zai rage na aurenmu bayan ta ba. Sai na ɗauki tabarma na koma ɗakin girki, na ɗaure fuska don kada a tambaye ni dalili. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka wani laifi ya yi. Ya gyara rufin da na daɗe ina mita a kai. Ya sayo mini zane. Da ya ga ban sake ba, ya zo yana sosa ƙeya ya ce shi ne ya sayar da zakaran da muka ɗora wa muzuru laifin ɓatansa.

Ni kuma kullum da safe akuya nake yi wa jawabi. A gabanta maganar na fita tsaf, har da karin magana. Da na hango shi sai in tambaye shi ko ya ga ludayi.

Ranar komawa awo ungozoma ta tambaya, na ce ya yi tafiya Wasagu. Ba ta musa ba. Ta ɗora na'urarta a cikina, ta ƙara murya har na ji bugun zuciyar yana sauri.

"Kin ji shi? Shi ba ya iya magana. Ke ce bakinsa."

Daga asibiti gona na wuce. Na same shi cikin dawa, a sunkuye, kamar shekarun da ya yi wa mahaifina noman golmo, wato noman neman aure, shi da abokansa kafin a ba shi ni. Na juya masa baya, na zuba maganar gaba ɗaya ina kallon kara. Sannan na gyara tsayuwa, don na tanadi baƙar magana ta kowace irin tuhuma.



"Ciwon nan ne ya ɗauke muna ɗanmu na farin?" ya tambaya.

"Sista ta ce mai yiwuwa ne, Maigida."

Ya jingine fartanya, ya tada babur. Tanadina duk ya tashi a banza.

A asibiti ya zauna kan bencin masu ciki, namiji shi kaɗai, hula a gwiwa, mata na ƙus-ƙus. Mutumin da ya kayar da ƙarti a kokawa yana saurayi, da ya ga tsinin allura sai ya kama hannuna. Da muka fito ya kasa zama kan babur. Haka muka tako har gida, yana turawa yana ɗingishi, ni ina biye da tulun cikina. Wa ya kawo ciwon, har yau ba wanda ya tambayi wani.

Mace aka haifa. Tana faɗowa ta tsala kuka har ɗakin ya amsa, ungozoma ta ce wannan ta gado uwarta. Ban rama ba, saurare nake yi. Ta taga na hango shi zaune a ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.