Madam Rahinatou da sunan da ba na kamawa

"Mma, ki faɗi sunan mana, layi ya yi tsawo!"

"Ka tambayi odinatenka, ai an ce ya san komai."

Haka muka yi ta yi da Musye Huseini, mai kula da odinate, wato na'urar rajistar haihuwa, a meri, ofishin magajin garin Sokodé, a shekarar zanga-zanga, 2017. Jikana Talle na tsaye a bayana, zufa na keto masa. Direban babbar mota ne tsakanin Cinkassé da Lomé, ga shinge ko'ina a hanya, mai motar kuma ya ba shi wata guda: ko ya kawo katin shaida, ko ya ajiye makulli.

Laifin nawa ne, gara in faɗa da bakina kafin matan Zango su ƙara masa gishiri. A Dapaong aka haifi yaron lokacin dogon yajin aiki, ubansa ya rasu yana ciki. Aka mayar masa da sunan kakansa, wato mijina. Ni na je rajista. Magatakarda ya tambayi suna, mace mai tarbiyya kuwa ba ta kama sunan mijinta ko yana kabari. Na ce Talle, yadda ake kiran maraya. Kawunsa kuma ya sa shi lekol, wato makarantar boko, da sunan yanka. Shekara ashirin da huɗu takardun biyu suna zaman lafiya, sai da na'ura ta zo ta ce mutum biyu ne. Huseini ya dage sai na tabbatar da sunan gaskiya gaban shaidu.

Sai Madam Rahinatou ta taso daga teburin ƙurya. Wanda bai san ta ba, ita ce mai tsohon babur ɗin nan da ke riga mai shara isa meri, ta kaɗe manyan littattafai, ta sha kokonta a tsaye. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan take ajiye aiki. Da aka kawo na'ura, sa'anninta suka ce korar tsofaffi aka zo yi. Ita ta jawo kujera ta koya da yatsa biyu. An ce miyarta ba ta jin gishiri, amma ji na yi, ban ɗanɗana ba.

Ta kira shaidu biyu daga cikin layi, ta durƙusa kusa da ni.

"Mma, ba sai kin faɗa ba. Zan jero sunaye. In na zo kan na Baba, ki yi tari."

Ta ce Inusa, na yi shiru. Ta ce Mahama, shiru. Na uku, tari ya sarƙe ni har da hawaye. Na tari ne, kada wata ta je ta ce wani abu.

Saura shafin littafin rajistar Dapaong da kotu za ta nema, ga intanet an yanke a makon. Ni dai na sallama. Ita Rahinatou ranar Asabar ta shiga mota da ƙafarta mai ciwo, ta wuce shinge bayan shinge, ta dawo da kwafi mai hatimi, ga dangwalen yatsana a ƙasa. Ta raka mu kotu aka gyara. Ranar da intanet ya dawo, da yatsunta biyun nan ta shigar da sunan. Kati ya fito saura kwana uku wa'adi ya cika. Ranar na ci tuwo na ƙara.

Rahinatou, allurar ɗinke takardu! Ke ce kika gane na'ura ba ta san kunya ba, mu kuma ba za mu yar da tamu don ita ba. A da matan Zango gudun meri suke yi, suna cewa odinate zai tona asiri. Yanzu ka wuce ranar Litinin ka rantse asibitin masu tari ne, har Musye Huseini ya iya jero sunaye. Talle ya kawo miki zabi biyu daga Dapaong kika ƙi karɓa. Ni na cinye, Allah ya kai miki ladan. Mun gode, 'yata. Masu zama kujerarki, ku koyi durƙuson nan kafin ku koyi danna maɓalli.

Da na gama rubuta yabon nan da ajami na karanta wa maƙwabciyata Memounatou, wadda ɗanta na fari, da ita ma ba ta kama sunansa, yake yawo da suna biyu har yau. Na ce mata, "Saura kwana tara ta tafi fa. Ko tarin ma kunyarsa kike ji?"

Ta fizgi gyalenta. "Gobe zan je, amma ba don ke ba, tsohuwar magulmaciya! Kuma kada in ga sunana a takardar nan."

Ta fita, ta bugo mini ƙofa.