Kifin Kawu Jatau na Cikin Gwangwani

Duk wanda ya zauna a Kubwa tun tana ƙauye ya san ba a gaisuwa a tsaitsaye da Kawu Jatau, malamin firamare. Kana cikin "ina kwana" zai zaro gwangwanin taba daga aljihu, ya buɗe a hankali. A ciki, kwance kan auduga, busasshen dokin teku ne, bai fi ɗan yatsa ba, tsarabar da wani tsohon soja ya kawo masa daga Ikko. Sai ya ce, "To, wannan dangin wa ne?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, na sha wannan karatun har na ƙoshi. Kifi ne, in ji shi. Yana da ƙashin baya, a ruwa yake numfashi, ga ɗan fiffike a gadon bayansa, kuma 'yan uwansa wasu siraran kifaye ne masu baki kamar bututu. Kawu kuwa bai taɓa ganin teku ba. Da yamma yakan zauna kan dutse yana kallon dawa tana kaɗawa, ya ce min, "Haka ciyawar ƙarƙashin teku take yi, Asabe. Shi kuma ya naɗe wutsiya a jikinta, yana tsaye abinsa." Har mafarkin dokin tekun nake yi.

Burinsa ɗaya a duniya: amininsa Arɗo Buba, mai shanu, ya yarda kifi ne. Ina! Ranar farko Arɗo ya karɓa, ya juya, ya nemi buɗe bakin ya duba haƙora. Ya ce, "Malam, kifi da wuya? Ƙwaro ne dai ya ɗauko kan doki."

Ranar da Kawu ya faɗa a kasuwa cewa namijin ne ke ɗaukar ciki, Ladi ungozoma ta sauke kayanta ta riƙe haɓa. "Malam, namiji ya yi ciki? In ya fara naƙuda ka aiko, ba zan karɓa ko sisi ba!"

Wata rana miyarmu ba nama, matarsa ta ce, "Tunda kifi ne, kawo in jefa a tukunya." Kwana uku da gwangwanin yake shiga banɗaki.

Haka suka tsufa, shi da Arɗo, kullum gardama a gindin ɗorawa. Da ciwo ya kwantar da Kawu, Arɗo ya zo ya zauna bakin tabarma, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, na yarda. Kifi ne."

Na ce yau Kawu zai yi murna. Sai ya yunƙura ya tashi zaune.

"Da wace hujja?"

"Haka kawai."

"Haka kawai? Ka ga zan mutu ne, shi ya sa! Ba na so. Koma kan ƙwaronka."

Arɗo ya share ido da hannun riga. "To, ƙwaro ne."

"Yauwa! Matso in nuna maka fiffiken."

Suna nan suna yi har la'asar, ni ina bakin ƙofa ina kuka ina dariya. Kwana biyu bayan haka ya cika.

Kawu, mun yi kewarka, wallahi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya nuna maka abin da ka gaskata ba ka gani ba.