Agogon da Kawu Ya Zaɓa da Kunne

Yau da safe ina wana tsohon agogona, jikata ta tambaye ni abin da ya sa kullum nake kara shi a kunne. Sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da muka samu 'yancin kai na fara koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gazawa. Ina son agogon hannu mai maɓalli a gefe, wanda in ka danna, siririn hannunsa ya ruga, ka sake dannawa ya tsaya cak, don auna tseren yara. Aljihuna kuwa ba nauyi, in na kuskure zaɓi shi ke nan.

Kawu ya raka ni kasuwa da hantsi. Shi ko tulu ba ya saye sai ya ƙwanƙwasa ya saurara. Idona ya tsaya kan wani agogo mai ruwan zinariya. Ya karɓa ya kara a kunne, ya rufe ido, ga hayaniya, ga ƙamshin ƙuli-ƙuli.

"Ɗana, wannan ɗingishi yake yi," in ji shi.

Ya ɗauki wani na farin ƙarfe, duk ƙarzuwa. "Wannan numfashinsa a kwance yake. Ɗauke shi."

Na danna maɓallin, hannun ya ruga, na sake dannawa ya tsaya. Kawu ya tuntsire da dariya. "Iyye! To, danna wa rana ita ma, mu ƙarasa noma!"

Da akwai irin wannan maɓallin, Kawu, da a wancan hantsin na danna shi. Allah ya sanyaya makwancinka, ya sada mu inda rana ba ta faɗuwa.