Katin da Taubashina Ya Ɗaura Mini

Na yi shekaru ina koyar da zanen gini a wata sakandare a Gumel kafin na gane masu gina gidaje ba sa son zane. So suke su ga gidan a tsaye, da fenti da inuwa da mota a ƙofa, tun ba a buga bulo ɗaya ba. Sai na koyi fitar musu da shi a kwamfuta. Tsohuwar kwamfutata tana yi, amma irin yin jakin da aka cika wa kaya. Hoto ɗaya, sai in tafi makaranta in dawo tana nishi. Abin da ta rasa shi ne katin hoto, wani ɗan faranti mai fanka da ake sokawa a cikinta, shi ke ɗaukar wahalar zane.

Ana haka wani ɗan kasuwa a Maigatari ya ce in zana masa jerin shaguna da sito. Yana son gani ranar Alhamis mai zuwa, ranar kasuwa, don abokan hulɗarsa na Damagaram za su shigo. In ya yi masa, akwai wasu gine-gine biyu a baya. Wannan ne aikin da zai raba ni da zanen ɗaki da falo na malamai 'yan'uwana, masu sallamar mutum da addu'a.

A Maigatarin nan ɗan goggona yake da shagon gyaran kwamfuta. Taubashina ne, abokin wasa tun haihuwa, kowannenmu na kiran ɗan'uwansa bawa. Ya taɓa zuba mini barkono a fura, ni kuma na ɓoye masa takalmi ranar ɗaurin aurensa. A wani dogon hutu na koya masa ɗan zanen, ya iya daidai gwargwado. Shi ya kira ni ya ce kati biyu na hannu sun shigo masa, in zo in zaɓa.

Da yake malami ba ya barin halinsa, ban je hannu rabbana ba. Na ja layi da rula a takarda, na raba ta gida biyu. Babban katin yana da ƙwaƙwalwa giga takwas da fanka biyu, tsoho ne, murfinsa ya koɗe, ga cin wuta. Ƙaramin giga huɗu ne, fanka ɗaya, amma ya fi sabunta, yana ƙyalli kamar bai taɓa shan ƙura ba. Taubashina ƙaramin ya ɗauka ya fi, don shi da ido yake sanin kaya. Na zaunar da shi na yi masa darasi sosai. Na ce a wasan mota da na ƙwallo ƙaramin ba zai ba da kunya ba, amma gini mai shago ashirin wuri yake nema, kuma wurin nan sai babban. Don in kafa hujja, na zuba zanen ɗan kasuwar a kwamfutar shagonsa muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babban ya gama kafin shayinmu ya huce. Ƙaramin yana kai har aka kira azahar.

Na sayi babban. Ya ɗauki sukurudireba ya buɗe cikin kwamfutata da na zo da ita, ya dube ni.

"Malam bawana, ka gama lacca? Ai ka yi wauta da ka gaya min. Kana fita salla zan sa maka ƙaramin, in riƙe babban."

"Sa mana, ɓarawon Gagarawa," na ce, don a can ya tashi. "Ina ka taɓa ganin bawa ya ci na ubangidansa ya ƙoshi?"

Mai sayar da taya na kusa da shi ya yi dariya, ni ma na yi, na tafi masallaci. Da na dawo ya ɗaure notuna tsaf, har ya naɗe ta a kwali ya kai mini bakin mota.

Kwana huɗu ina fama. Na ɗora wa zafin bazara laifi, na kunna mata fankar ɗaki ni ina gumi. Na zargi wutar sola, na zargi kaina. Ni da nake gane satar amsa daga yadda ɗalibi ya karkata wuya, latsawa biyu kawai ta isa kwamfutar ta faɗa mini sunan katin da ke cikinta. Ban latsa ba. Abin da taubashi ya faɗa da baki a gaban jama'a, a saninmu shi ne abin da ba zai yi ba.

Ranar Alhamis na isa da hoto uku, ɗaya ma ba rufi. Ɗan kasuwar ya karɓe ni da fara'a, ya ce kada in damu, ɗan'uwana ya riga ya kawo jiya. Ya nuna mini a wayarsa. Shagunana ne, har da matakalar da na yi kwana biyu ina gyarawa, sun fito fes daga zanen da na bari a shagon. An gaya masa makaranta ta sha mini kai, don haka sauran gine-ginen biyu ya damƙa wa mai lokaci. Ya ce zumunci irin namu ya yi ƙaranci a zamanin nan.

A gida na kwance notunan. Fanka ɗaya ce.

Na kai ƙara Sule Tankarkar, wurin goggo. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyaran zogale, sannan ta tambaya ko ya gaya mini zai yi. Na ce ya gaya mini. Ta tambaya ko da mutane a wurin. Na ce akwai. Ta ce to ita ba ta ga inda aka ɓoye mini kome ba, kuma tun kakanni ba a shari'a tsakanin taubasai, wanda aka yi wa ya rama ne kawai. Ta haɗa ni da ƙullin daddawa in kai gida.

Bayan wata biyu muka haɗu a wani suna na dangi. Ya taho da murmushinsa ya fizge mini hula, ya ce bawansa ya rame. 'Yan'uwa suka gyara zama suna jiran ramuwa. Na miƙe tsaye na ba shi hannu biyu.

"Barka da yini, Malam. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya kasuwa?"

Ya sake jefo wata zolayar, na ce Allah ya taimaka. Ya tsaya da hular a hannu yana juya ta, ya rasa wanda zai kalla. Daga baya ya ajiye ta a gefen tabarma a hankali, ya amsa mini da lafiya lau. Haka muke gaisawa har yau, cikin ladabi.