Motar Asubar Baba a Arlit

Tun asubar fari muka tashi daga Damagaram, ni da ƙanwata, da niyyar mu ɗauko Baba daga Arlit ko yana so ko ba ya so. Bayan ya bar aikin haƙar uraniyom mantuwa ta kama shi. Kullum da asuba sai ya sa takalman aiki ya fita jiran motar ma'aikata, har ya sha ɓata a gari.

Zuwa Agadas lafiya lau. Daga nan kuwa hanya ta lalace, mota na rawa muna taya ta. Muka isa Arlit a gajiye. Da na ji tsadar tumatir, sai da na tambayi mai shi ko shi ma daga rami ake haƙo shi.

Masu kula da Baba wata ƴar ƙungiya ce ta masu jinya gida-gida, maza da mata, kuma ba su da shugaba. Abin da ya hana ni barci ke nan tun a gida. Da la'asar na same su sun kewaye butar shayi, suna raba gidajen gobe da kansu. Mai jin Tamajak ta ɗauki gidan wata tsohuwa Buzuwa, mai goyo aka bar mata unguwarsu, wanda ya gaji aka ce ya huta.

Illa, mutumin Tawa da ke zuwa wurin Baba, ya ce mini, "Da muna ƙarƙashin mai gida, da hantsi shi ka turo mu, mu iske tsoho ya fice. Da munka koma raba aiki da kanmu, sai na ce a ba ni asuba, tunda kusa nike kwana."

Washegari da asuba na bi su, Illa da Baba. Illa ya ɗaure wa Baba igiyar takalmi, suka taka zuwa bakin hanya. Motar ma'aikata ta zo wucewa, Baba ya ɗaga hannu, direba ma ya ɗago masa.

"Baba, yau ranar hutunka ce," in ji Illa.

"To, mu je mu sha koko," Baba ya ce, ya juya gida da ƙafarsa. Wallahi daɗi ya sa sai da na share hawaye.

Mun dawo Damagaram lafiya, na kuma yarda cewa in aka bar mai aiki ya tsara aikinsa, shi da wanda yake yi wa duk sukan huta. Baba dai mun bar shi a garinsa, Arlit. Kujerar da na kama masa a mota kuwa, jakar wata mata ce ta zauna a kai har gida.