Tawadar Allah a Kuncin Lauratu

Malam Lukuman mai hoto ya shekara ashirin da biyu a ɗan shagonsa na Kurmin Sarki, kuma bai taɓa barin mutum ya fita da fuskar da ya shigo da ita ba. Ka je ɗaukar fasfo, ya share maka ƙuraje a kwamfuta, ya goge tabo, ya ƙara maka haske. Ni kaina ya taɓa cire min tsagar gado, har ma'aikacin banki ya ƙi yarda ni ne. Na zazzaga masa masifa, ya ce ai gyaran kyauta ne.

Matarsa Lauratu ta fi kowa shan gyara. Tana da tawadar Allah a kuncinta na hagu, shi kuwa duk Sallah sai ya ɗauke ta hoto ya share ta tas.

Bara tawadar ta fara ƙaiƙayi, wata rana har da jini. Maƙwabciyarsu Rebeka, wadda nas ce, ta tisa su gaba zuwa wajen likitar fata a Abuja. Likita ta duba, ta ce wani lokaci haka ciwon daji yake farawa, amma tana so ta san ko girma abin yake yi.

"Kuna da tsofaffin hotunanta?"

Lukuman ya washe baki. Washegari ya dawo da albam bakwai cikin buhu. Likita ta yi ta buɗawa, ko'ina kunci sumul.

"Malam, ashe sabuwa ce? To wannan ya fi tayar da hankali."

"A'a likita, da ita na aure ta. Ni ne na... gyara."

Abin da ya cece su tsohon katin zaɓen Lauratu ne, wanda Lukuman ya hana ta nuna wa mutane, wai an ɓata ta. A hoton katin tawadar ba ta wuce ƙwayar gero ba, yanzu kuwa ta kai wake. Aka yanke, aka kai gwaji. Ciwon ne, amma Allah ya sa bai yi nisa ba.

Da na je dubiya na tarar da Lukuman hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta rantsuwa bai ga tana girma ba. Wallahi ya ba ni tausayi. Lauratu ta dafa bandejin, ta ce a hankali:

"Na yarda, Baban Mardiyya. Ina za ka gani? Hoton kake kallo."